Yaya Ake Gane Masanin Sinadarai Ya Yi Tasiri a Fannin Haske?

Wani ɗalibi mai karatun digiri na biyu a kemistiri ya rubuto da wannan tambaya: "Malam, na karanta tarihin wani farfesa inda aka ce bincikensa ya yi babban tasiri a fotokemistiri da kayan nonliniya na haske. An jero yawan maƙalunsa da yawan waɗanda suka ambace shi. Mene ne waɗannan fannoni biyu, me ya haɗa su, kuma yaya zan gane ko tasirin na gaske ne ko kuwa kirari ne kawai?"

Ƙanena, ƙarshen tambayarka shi ne mai wuya, kuma ba zai amsu ba sai ka san abin da ake yi a ɗakin gwajin. Bari mu faro daga can.

Idan haske ya faɗa kan ƙwayar sinadari, ilektiron ɗin da ke jikinta su ne masu tarbarsa. Wani lokaci sukan haɗiye ɗigon hasken, wato foton, su haura wani mataki na ƙarfi, daga nan ƙwayar ta karye, ko ta murɗe, ko ta manne da maƙwabciyarta. Wannan shi ne fotokemistiri: haske ya sauya abu. Idonka da kake karanta wannan rubutu da shi haka yake aiki. Akwai wata ƙwaya mai suna retinal a bayan ido wadda take miƙewa da zarar haske ya taɓa ta, kuma a 1991 an auna cewa miƙewar ba ta wuce femtosakan 200 ba. Femtosakan ɗaya kuwa shi ne idan ka raba daƙiƙa gida miliyan, sannan ka raba kowane gida sau biliyan. Wani lokaci kuma ƙwayar ba ta haɗiye hasken, girgiza ilektiron ɗinta kawai yake yi ya wuce. Idan hasken mai rauni ne, girgizar takan tafi daidai gwargwadon ƙarfinsa. Idan ya tsananta, kamar na leza, sai amsar ta wuce gwargwado, hasken ya fito da launin da bai shiga da shi ba. Ka taɓa ƙure muryar ƙaramar lasifika har ta fara fitar da wata ƙara da babu ita a ainihin sautin? To kusan hakan ne. Shi ake kira nonliniya: a nan abu ne ya sauya haske. Tunda ilektiron ɗaya ne ke yin aikin biyu, wanda ya iya tsara ƙwaya don ta haɗiye haske yadda yake so, bai yi nisa da wanda zai tsara ta don ta sauya launinsa ba. Shi ya sa kake ganin sunan mutum ɗaya a fannonin biyu.

Fotokemistiri shi ne babban wa. Giacomo Ciamician na Jami'ar Bolonya a Italiya yakan jera kwalaben gwajinsa a kan rufin ginin sashensu, shi da abokin aikinsa Paul Silber, su bar rana ta yi aikinta makonni ko watanni. A 1912 ya yi lacca a birnin Niyok inda ya ce wata rana masana'antu za su dogara da hasken rana a maimakon kwal. Bayansa aka shiga tseren ganin abin da ke faruwa a cikin ƙiftawar ido: Norrish da Porter suka samu kyautar Nobel a 1967 saboda dabarar walƙa haske su ɗauki hoton abin da ya biyo baya, Ahmed Zewail ɗan Masar ya samu tasa a 1999 da ya kai awon har matakin femtosakan.

Nonliniya kuwa sai da ya jira leza. Theodore Maiman ya kunna ta farko a 1960, shekara ɗaya bayan haka Peter Franken da abokansa a Jami'ar Michigan suka harba jan haske mai tsawon zango nanomita 694 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, tsawon zango kuma shi ke ƙayyade launi) cikin dutsen kwaz, wani ɗan kaɗan daga cikinsa ya fito a nanomita 347, rabin zangon ke nan daidai. Abin dariyar shi ne, ɗigon da ya nuna sabon hasken a jikin hoton ya yi ƙanƙanta har masu buga mujallar suka ɗauka datti ne suka goge shi. Maƙalar da ta buɗe fanni sukutum ta fito da kibiya tana nuna wurin da babu komai.

Wannan rage zango zuwa rabi, wato ninka kaɗawar haske, da Franken ya sha wuya kafin ya gani, yau tana cikin ɗan tsinken leza mai koren haske da ake nuna allo da shi. A yawancinsu babu wata koriyar fitila a ciki. Akwai diyod mai ba da nanomita 808, ya zuga wani kiristal ya ba da 1064, wanda ido ba ya gani, sannan wani ƙanƙanin kiristal mai suna KTP ya mayar da shi 532, wato kore. A babbar cibiyar leza ta Livermore da ke Kalifoniya ma dabarar ke nan, sai dai da manyan faifan kiristal na KDP: hasken leza 192 ake sauyawa daga nanomita 1053 zuwa 351, kuma da shi aka yi gwajin Disambar 2022 wanda haɗewar nukiliya ta ba da ƙarfin da ya fi na hasken da aka zuba mata.

To ina masanin sinadarai a ciki? Shi ne mai samo abin da hasken zai ratsa. A nan nake so ka natsu, don a nan ake bambanta mai tasiri da mai yawan takardu.

A 1977 Oudar da Chemla a Faransa suka yi nazarin dangin naitiro-anilin, suka nuna dalilin da ya sa wasu ƙwayoyin kabon suke amsa haske da ƙarfi. Ƙwayar tana da kai mai tura ilektiron, da ƙafa mai jan su, da gada a tsakani wadda ilektiron ke bi. Sun fi saurin gangarawa gefe ɗaya a kan ɗayan, kuma wannan rashin daidaito shi ke haifar da sabon launi. Daga nan kowa ya ɗauka magana ta ƙare: a ƙara ƙarfin mai turawa, a ƙara na mai ja, a tsawaita gada. Aka yi ta haɗa ƙwayoyi a kan wannan tunani sama da shekara goma.

Sai a 1991 Seth Marder da David Beratan da Lap-Tak Cheng suka buga a mujallar Science cewa abin yana da ƙololuwa. Idan turi da ja suka wuce wani mizani, amsar ƙwayar raguwa take yi. A shekarun da suka biyo baya Marder da abokansa suka ɗaura wannan a kan abin da ake iya aunawa: bambancin tsawo tsakanin ɗaurin tilo da ɗaurin tagwaye a jikin gadar. Idan bambancin ya yi yawa, amsa kaɗan ce. Idan ya ɓace gaba ɗaya, amsar ninka haske ta koma kusan babu. Mafi kyau yana wani wuri a tsakani, kuma kana iya matsar da ƙwaya zuwa wurin ta hanyar sauya kai ko ƙafa, ko ma sauya ruwan da ka narkar da ita a ciki. Idan ka tambaye ni misalin tasiri, wannan nake fara kawowa. Ɗalibin da bai taɓa ganin Marder ba, a wata nahiya daban, zai zauna da fensir ya zana ƙwaya, ya san tun kafin ya ɓata wata shida wace ce ba za ta yi ba.

Amma ƙwaya ɗaya mai ƙarfi ba ta zama kaya. Wannan darasi da hannuna na koye shi. Ina ɗalibi na kwashe watanni ina haɗa wata ƙwaya da lissafi ya nuna za ta yi fice. Ta fito jawur, kiristal ɗinta kamar allurai. Akwai gwajin da Kurtz da Perry suka tsara tun 1968: ka niƙa kiristal ɗin, ka tankaɗe don ƙwayoyin garin su zo girma ɗaya, ka ɗura a siririn bututun gilashi, ka sa gilashin kare ido, ka kashe fitila, ka harba masa leza mai nanomita 1064. Na fara sa garin yuriya, wanda da shi ake gwada kowa, na'ura ta nuna koren haske. Na sa nawa. Shiru. Na sake daidaita bututun, na sake harbawa har garin ya fara ƙonewa a gefe, ko ƙyalli. Da aka duba tsarin kiristal ɗin sai ga dalili: ƙwayoyin sun yi kwanciyar kai da ƙafa, kowace ta juya wa 'yar'uwarta, abin da ɗaya ta tura gabas ɗaya ta tura shi yamma, duk ya tashi a banza.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa ci ba, ɗabi'ar irin waɗannan ƙwayoyi ce. Duk kiristal ɗin da ke da cibiyar daidaito, wato kowace ƙwaya tana da kishiya mai fuskantar ɗaya gefen, ba ya ninka haske, kuma yawancin ƙwayoyi masu kai da ƙafa haka suke son kwanciya. Ita kanta fara-naitiro-anilin da ake koyarwa da ita, kiristal ɗinta ba ya ba da komai. Amma da aka liƙa mata ƙaramin reshen metil guda, ta zama MNA, sai kwanciyar ta karkace, kiristal ɗin ya zama mai ƙarfin gaske. Wasu suka bi ta hanyar gishirin sinadari, suna sauya abokin cajin har ƙwayoyin su fuskanci gefe ɗaya, kuma daga nan aka samu DAST, wanda har yau ake amfani da shi wajen samar da hasken terahaz. Wasu suka narkar da ƙwayoyin cikin roba, su ɗumama ta, su sa wutar lantarki mai ƙarfi ta jera su, su sanyaya kafin su wargaje. Ƙungiyar Larry Dalton ta gano cewa idan ka cusa ƙwayoyi da yawa suna komawa kai da ƙafa ko a cikin robar, sai ta yi musu kauri a ƙugu don kada su matsu da juna. A 2000 suka buga makunnin haske na roba mai aiki da bolt 0.8, a lokacin da na kiristal ɗin litiyom nayobet, wanda aka saba amfani da shi, ke bukatar wajen bolt 5.

Ga inda labarin ya ɗauki darasi. Da wannan nasara mutum zai zaci roba ta kori kowa daga wayoyin gilashi masu ɗauke da intanet. Ba ta kora ba. Na'urar sadarwa ana so ta yi shekaru tana aiki cikin zafi, ita kuwa roba jerin ƙwayoyinta yakan saki a hankali, haske da iskar oksijin kuma sukan cinye launin, wato fotokemistiri ya dawo ta bayan gida yana ɓata aikin nonliniya. Litiyom nayobet bai kai ta ƙarfi ba amma ba ya gajiya, kuma a 2018 ƙungiyar Marko Lončar a Harvard ta nuna shi a siririn shimfiɗa yana aiki da ƙarancin bolt shi ma. Har yanzu ana kan gyara robar kuma an ci gaba sosai. Shin za a ce Dalton bai yi tasiri ba? Ni a wurina ya yi, don ya bayyana wa kowa abin da ke hana ƙwayoyi jeruwa da yadda ake magance shi. Sai dai tasirinsa ya fi yawa a kan masu bincike, ba a kan na'urorin sadarwar da ake aiki da su ba, kuma marubucin tarihi mai gaskiya zai faɗi wanne yake nufi.

Kwatanta shi da Chen Chuangtian na ƙasar Sin. Shi ma da ka'ida ya fara: ya ce ƙarfin kiristal yana fitowa ne daga ƙananan rukunonin zarra masu caji da yadda suka jeru, ya bi wannan ya nufi dangin boret. A shekarun 1980 ƙungiyarsa a cibiyar bincike ta Fujian ta fito da kiristal biyu na boret, BBO da LBO. Shiga kusan duk ɗakin gwajin da ke da leza mai gajeren bugu a duniya, ka buɗe akwatin madubai, za ka tarar da ɗan BBO a ciki, kuma akasarin masu amfani da shi ba sa ambaton Chen a maƙalunsu, kamar yadda ba wanda ke ambaton maƙerin sukurun da ya ɗaure teburinsa. Daga baya suka yi KBBF mai kai haske har nanomita 177, duk da wuyar renonsa da gubar beriliyom da ke cikinsa. Ka ga ke nan ƙidayar ambato tana iya rage wa mutum haƙƙinsa daidai lokacin da aikinsa ya zama ruwan dare.

Wurin da fannonin biyu suka fi cuɗanya shi ne haɗiyar foton biyu a lokaci guda. Maria Goeppert-Mayer ta yi lissafin yiwuwarsa a aikin digirinta na uku a Gottingen, aka buga a 1931, ba a gan shi da ido ba sai 1961 da Kaiser da Garrett suka samu leza. Shekara 30 aikin yana kwance, ga mai son auna tasiri da shekara biyar. Yau ma'aunin wannan haɗiya sunanta yake ɗauke da shi, GM. Amfaninsa shi ne, tunda sai foton biyu sun iso tare, abin ba ya faruwa sai a ɗan ɗigon da hasken ya fi matsewa. A 1990 Denk da Strickler da Webb a Cornell suka gina madubin hangen ƙananan halittu a kan haka, wanda ke leƙa cikin tsoka mai rai ba tare da ƙona sama da ƙasa ba. A 1998 Marder da Joseph Perry da Jean-Luc Brédas da abokansu suka nuna tsarin ƙwayoyin da haɗiyarsu ta kai kusan ninki 400 na ta sitilbin, ƙwayar da suka gwada da ita. Idan irin wannan ƙwaya ta haɗiyi hasken sannan ta tayar da daskarewar ruwan roba a ɗigon, to kana iya sassaƙa da haske a cikin ruwa. A 2001 ƙungiyar Satoshi Kawata a Osaka ta sassaƙa bijimi mai tsawon maikiromita 10, kusan girman ƙwayar jini ɗaya. Haɗiyar nonliniya ce, daskarewar fotokemistiri ce.

Shi ma fotokemistiri zalla yana da nasa gwanayen da ba a cika jin sunansu ba. A farkon shekarun 1980 Hiroshi Ito da Grant Willson da Jean Fréchet a IBM suka tsara shafen da foton ɗaya ke sakin ƙwayar asid ɗaya, ita kuma ta yi ta kwance ɗauri bayan ɗauri. Da irin wannan shafe ake zana cif ɗin da ke cikin wayarka.

Yanzu koma kan farfesan naka. Yawan maƙala da lambar h, ma'aunin da ke haɗa yawan maƙala da yawan ambato, da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 ba ƙarya ba ne, suna nuna mutum ya yi aiki kuma an lura da shi. Amma ɗauki maƙalunsa biyar da aka fi ambata, ka ware waɗanda bita ce ta aikin wasu, don bita takan tara ambato ko da ba ta gano komai ba. Sauran, buɗe guda ashirin daga cikin masu ambatonsu ka ga a ina sunansa ya faɗo. Idan a gabatarwa ne, cikin jerin lambobi goma a ƙarshen jimla ɗaya, gaisuwa ce. Idan a sashen hanyar aiki ne, an bi girkensa na haɗa ƙwaya, ko an yi amfani da lissafinsa, ko ana jayayya da sakamakonsa, to ya shiga hannun mutane. Duba kuma su wane ne masu ambaton, ko ɗalibansa ne da shi kansa suke zagayawa.

Sannan ka yi hattara da babbar lamba, don wannan fanni ya sha fama da ita. Idan an auna haɗiyar foton biyu da bugun leza na nanosakan, ƙwayar da ta riga ta haura takan sake haɗiyar wani foton, lamba ta kumbura ninki da yawa a kan abin da bugun femtosakan zai nuna. Idan an auna kusa da launin da ƙwayar ke haɗiya, amsar za ta yi girma, amma kayan zai cinye hasken da ake so ya fitar. A awon warwatsuwar haske cikin ruwa da Clays da Persoons suka kawo a 1991, ƙyallin da ƙwaya ke fitarwa da kanta yana iya shiga cikin sigina a ƙirga shi a matsayin ninki. Har ma'anar lambar beta, wadda ake auna ƙarfin ƙwaya wajen ninka haske da ita, ba ɗaya ba ce tsakanin ɗakunan gwaji, akwai ka'idojin rubutu da suka bambanta da ninki biyu ko fiye. Mai aikin kirki zai faɗa maka zangon hasken, da tsawon bugun, da ruwan da ya narkar, da abin da ya gwada da shi. Wanda ya ɓoye waɗannan ya ce ya kafa tarihi, ajiye maƙalarsa gefe.

Akwai kuma wani salo da ya yawaita, zan faɗe shi ko da zai sosa wa wasu rai. A zana ƙwaya a kwamfuta, a yi lissafi, a ce ta fi yuriya sau ɗari, saboda haka ta dace da na'urorin haske. Ba a haɗa ta ba, ko an haɗa ba a reni kiristal ba, ko an rena kuma teburin da ke shafi na uku na maƙalar ya nuna tsarin mai cibiyar daidaito ne. Lissafi yana da daraja, Brédas da lissafi ya yi suna, amma nasa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da awo. Idan ka ga maƙala irin wannan a jerin farfesan, nemi layin da aka rubuta rukunin tsarin kiristal ɗin. Idan ka ga P21/c ko P-1, ƙwayoyin kai da ƙafa suke kwance, kuma da za ka niƙa su ka harba musu leza, abin da na gani a bututuna shi za ka gani.